Firjin da Na Tsinto a Challawa

Akwai ranakun da tarihin al'umma ke sauyawa a cikinsu, ni kuwa tawa ranar da ba zan manta ba ita ce ran da na ceto firji daga bola.

Lokacin ina akawu a wata masana'antar fata a Challawa. Aka fito da tarkacen da aka yi kwandam ɗinsu, na hango wani farin akwati mai ƙofa da kantoci. Na yi wa leburori lacca kan almubazzarancin masu kuɗi, sannan na ɗora shi a kura zuwa gidana a Dorayi. Azumi saura mako biyu, garin kamar tanda. A majalisarmu na yi shela cewa bana babu maƙwabcin da zai sayi ƙanƙara.

Na kai shi wurin wani mai gyara da ke kiran kansa Injiniya, mutumin da iliminsa duka bai wuce gwangwanin fenti ba. Na ce, "Injiniya, ban ga kwamfuresa, injin da ke sanyaya shi, a bayansa ba."

Ya dube ni da tausayi. "Haba Malam, da karatunku? Ɗan Jamus ne. Su a ciki suke ɓoyewa."

Ya canza waya, ya fesa fenti, na gode masa har da rusunawa.

Ranar farko ta azumi aka kawo wuta tun hantsi. Maiɗakina ta cika firjin da zoɓo da ruwan leda. Bayan la'asar ƙofar gidana ta cika da kuloli, har da ta Liman. Na buɗe a gaban jama'a, sai tururi ya daki fuskata.

Wani dattijo ya taɓa leda ɗaya, ya janye hannu. "Malam, shayi za mu kawo ko koko?"

Washegari na kai ƙara wurin mai kula da lantarkin masana'anta, wani Kirista ɗan Filato. Ya yi dariya har da riƙe bango. "Oga, akwatin busar da samfurin fata ne fa! Da ka tambaye ni."

Ban tambaya ba, saboda mai takardar shaida ba ya tambayar mai sukundireba. Darasin kenan: kafin ka ceci abu daga bola, ka san mene ne, kuma ka guji duk mai kiran kansa Injiniya.

Akwatin dai har yau bai taɓa lalacewa ba. A ciki muke ɗumama tuwo.