Ƙwan Mesa a Tukunyar Malama

A shekarar da na fara koyar da Hausa a wata makarantar sakandare a Kafanchan, abin da na sani game da maciji shi ne a guje shi. Ilimina na gaske yana cikin littattafan soyayya da nake saya a bakin tasha, in ɓoye su a tsakiyar littafin darasi. Na haddace duk yadda saurayi ke buɗe zance. Amma a gaban malamar kimiyyar halittu, bakina bai taɓa wuce ina kwana ba.

Ita 'yar wajen Zonkwa ce, mahaifinta fasto. Ni ɗan mai sayen citta ne a kasuwa. Garin bai gama warkewa daga fitinar da aka yi ba, in aka ga irinmu biyu a tsaye sai an waiwayo. Dalili nake nema na tsayawa kusa da ita, sai mesa ta ba ni.

Lokacin sharar gonar citta ne, kafin ruwa ya sauka. Wasu manoma suka kashe mesa a ramin suri, tana kwance a kan ƙwanta. Ɗayansu, wanda 'yarsa ke ajin Malama, ya kawo ƙwan a cikin daro. Goma sha ɗaya ne, manne da juna, farare, masu laushi kamar jemammiyar fata. Ta zuba dusar katako mai danshi a babbar tukunyar ƙasa, ta kwantar da su, ta ajiye a ɗan siton da ke bayan ɗakin gwaji, inda kwano ke riƙe zafi.

A ɗakin malamai ta tambaya ko akwai mai duba su ranar Lahadi, don tana zuwa gida sujada a coci. Malamin lissafi ya ce shi zai duba su da mai da albasa. Ana cikin dariya na ɗaga hannu.

"Malam, kai da ka bar aji saboda ƙadangare?" in ji ta.

Na ce ƙadangaren ne ya fara tsokana. Ta yi dariya har ta dafa tebur. Da dariyar nan na yi guzurin mako guda.

Dokokinta kaɗan ne. A yayyafa ruwa a dusar, ba a kan ƙwai ba. Kada a juya ko ɗaya. Ta ma yi wa saman kowanne alama da fensir. Ran Juma'a in na tafi masallaci ita ce a kai, ran Lahadi ni. Sauran ranakun, da hutun tara, mu biyu. Sai ta tura ƙofar siton don a sami duhu, ta ɗora tocila a jikin ƙwai, sai ga jajayen jijiyoyi sun bazu a ciki kamar saiwar gero. Tana bayani, ni ina kallon allin da ya maƙale a yatsunta. Fiye da wata biyu muka yi haka, ban taɓa yin kwanakin da suka fi su daɗi ba.

Sai takarda ta zo mata. Ta sami gurbin ƙaro karatu, za ta bi jirgin ƙasa na ranar Laraba mai zuwa. A makon ne ƙwan suka fara lotsawa, kamar ƙwallon da iska ta ragu. Ta ce alama ce ta kusa, amma ba wanda ya san ranar da uwar ta saka su, don haka lissafinmu duk kintace ne. Ta tsaya tana kallon tukunyar, ta ce da ta so ta ga ko da kai ɗaya.

Ni kuwa a gidan kaji na tashi. Innata, in ɗan tsako ya makara, takan kara ƙwan a kunne, ta ɓantare masa ɓawo da farce, washegari ka gan shi yana bin uwarsa. Na gani ba sau ɗaya ba. Na gaya wa Malama haka, na ce mu taimaka wa ɗaya.

"Mesa ba kaza ba ce, Malam," ta ce. "Ɗanta yana da ɗan haƙori a baki, shi zai yanka ƙwan da kansa. In bai yanka ba, bai gama ba."

Ta ƙara da cewa akwai masu kiwon da ke tsaga wa na baya, amma sai bayan na farko ya tsaga nasa, sun tabbata lokaci ya yi. Na ce to. A raina kuwa na riga na rubuta babin: Litinin za ta shigo, ta ga ɗan kai yana leƙe, ta kama hannun rigata don murna, ni kuma in faɗi abin da na haddace.

Ran Lahadi da hantsi na sayi sabuwar reza. Na zaɓi wanda ya fi lotsawa, na yi bisimilla kamar yadda Inna ke yi, na tsaga kamar tsawon gaɓar yatsa. Ruwa mai yauƙi ya fito, sai jini ya biyo. Ga shi nan a naɗe, zanen jikinsa duk ya fito amma a koɗe, ga gwaiduwa babba har yanzu a manne da cikinsa. Ya motsa sau ɗaya. Na rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma, na zauna a bakin ƙofa har la'asar ina roƙon abin da ban san yadda ake roƙonsa ba.

Litinin ya riga ya mutu, ƙananan ƙudaje sun samu hanya. Malama ba ta ɗaga murya ba. Ta sa wuƙa a hankali ta raba shi da 'yan'uwansa, ta canja dusar gefen, muka binne shi a gindin mangwaro. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na fara cewa don ita na yi, ta ce ta sani. Sai ta miƙo hannu.

"Ba ni rezar."

Na ba ta. Ta jefa a jaka, ta ciro makullin siton ta sa mini a tafin hannu.

"Saura goma. Ka jira su."

Laraba na raka ta tasha, tare da ƙanwar mahaifiyarta da buhun acca. Mutane sun waiwayo, ban damu ba. Ta leƙo ta taga ta ce in rubuto mata in sun fito. Na ce zan rubuto. Shi ke nan abin da na faɗa.

Kwana tara bayan tafiyarta, da safe bayan an kwana ana ruwa, na ga tsaga siririya a jikin ɗaya, da kumfa. Can sai ɗan kai ya leƙo, ya fitar da harshe, ya koma. Kwana biyu ya yi yana leƙe yana komawa, hannayena suna cikin aljihu. Takwas suka fito. Ni da manomin nan muka kai su gindin duwatsu nesa da gonaki, yana ta mita cewa wata rana su za su cinye masa awaki.

Na rubuta mata shafi huɗu, duk a kan macizai. Amsarta ta zo a rabin shafi, da godiya, da tambayar ko na ga haƙorin. Ban gan shi ba, ashe yana faɗuwa da wuri. Na ɗauki kwanaki ina neman yadda zan amsa, har kwanakin suka zama shekaru.

Tukunyar tana gidanmu. Inna ta ƙi yarda a zuba mata ruwan sha, sai ta zama wurin ajiye irin citta. Makullin kuwa ban mayar ba. An rushe siton tun tuni, amma shi makullin yana nan cikin akwatin littattafaina.