Masu Gadin Jikin Mai Wanki

Ranar da bahon kaya ya suɓuce wa Mai Wanki a gaban garejin kanikawa, duk layin sai da ya san launin gajeren wandon Hedimasta. Ja ne, mai ɗigon fari. Ta durƙusa za ta kwashe, yatsu suka ƙi lanƙwasuwa. Babban Kanike ne ya ɗago wandon da sifana ya miƙa mata, yana kallon sama.

Shekara goma sha bakwai tana wanki da guga, hannun nan bai taɓa ba ta kunya ba, ko baƙin mai ne a farar riga sai ya fita. Amma bana gaɓoɓi suka kumbura, gashi ya kama zuba, wani tabo ya hau kumatunta ya haye karan hanci. Matan layi suka yanke hukunci: man bilicin ne. Ƙanwar mijinta, wadda ita kanta ta yi haske ba zato, ta fi kowa yaɗawa. Mai Wanki ba gulmar ce ta dame ta ba. Tsoronta kada hannun ya mutu, don da shi ake ci a gidan.

'Yarta ta ja ta asibiti. Aka ɗebi jini har sau uku, likita ta ce lufus ne. Wai a jini akwai ƙwayoyi masu gadin jiki, aikinsu kama cuta. Nata sun rikice, sun daina gane na gida, suna jibgar fata da gaɓoɓi, in an ƙyale su har ƙoda. Ba ya warkewa gaba ɗaya, amma akwai maganin da ke kwantar musu da hankali. Sai dai rana na tunzura su, ita kuma rabin yininta wajen shanya take.

Wata huɗu tana haɗiyar magani, yatsu suka saki, aka auna ƙoda aka ce lafiya lau. Ta koma kan dutsen guga a inuwa, har da waƙa. Shanya kuwa ta faɗa kan Maigida, mai ritaya da a da ba ya ɗaga ko cokali.

Ƙanwar miji ta shigo ta tarar da shi a rana yana yarfa zanin gado.

"Matar Yaya, yayan nawa kika mayar ɗan shanya?"

Mai Wanki ko ɗago kai ba ta yi ba. "Likita ce ta ce. Ke ma shigo inuwa, man da kike shafawa ba ya son rana."