Turancin Inna Jumai Mai Gishiri

Inna Jumai mutuniyar Awe ce, gishiri take sayarwa a kasuwar Lafia tun ban yi wayo ba. Gidanmu ɗaya. Ni malamar firamare ce, shi ya sa ta kawo mini kukanta.

Ɗanta na fari, Abdulbaƙi, ya rasu a hatsarin mota a hanyar Agyaragu. Matarsa Ngodoo ta ɗauki 'yarsu Halimat ta koma Fatakwal wurin aiki, yarinya ta tashi ko "zo in kashe ki" ba ta ji da Hausa. Ita ke nan jikar, babu wata.

"Malama Rahmat, ki koya mini Turanci," in ji Inna. "Kada jinina ya ɓace mini ina ji ina gani."

Na ce mu fara da abin da ido ke gani, kalma biyar kullum. Ba ta yi boko ba, sai ta riƙa taɓa abu tana kiran sunansa: gishiri, mudu, tukunya. Daga baya muka shiga haɗa magana: na saya, ina saye, zan saya. 'Yan kasuwa suna tsokanarta, wai Inna za ta Ingila. Ko a jikinta! Shekara biyu cur, wallahi ɗalibaina ba su kama ƙafarta a naci ba.

Wata rana na ce, "Inna, mu koyi yadda za ki ba Halimat labarin babanta."

Ta ɗaure fuska. "Ɗan fari? Ke ba ki da kunya ne?" Da ransa ma ba ta taɓa kama sunansa ba. Ni kuma, sakarya, na bar zancen.

Da hutu Ngodoo ta kawo yarinyar, wuni ɗaya tak. Inna ta gaishe ta da Turanci, ta tambaye ta makaranta, har suna dariya. Sai Halimat ta ce, "Kaka, yaya babana yake?"

Inna ta kau da kai. Na ce ta faɗa da Hausa in fassara, ta girgiza kai. Sai ta tura wa yarinyar kwanon tuwo. Takaici ya kama ni kamar in yi ihu.

Halimat ta juya ga uwarta ta ce da Turanci, "Kaka ba ta son Baba."

Inna ba ta jira fassara ba, ta ji kowace kalma. Da la'asar suka hau mota, kuma Halimat ba ta sake yarda ta zo Lafia ba.