Jakin da ke Bakin Rami

Shekara ashirin da wani abu na yi ina ƙaryata abokina a kan wani jaki, kuma ni ne na koya wa sauran mutane ƙaryata shi. Gara in faɗi wannan tun da fari.

Muna yara a Batsari, kawuna yana da shagon buga takardu kusa da tasha. Kwamfuta ɗaya ce a ciki, mai ƙatuwar ƙeya, hotonta baƙi da fari kamar tsohuwar talabijin. A kanta ake buga katin biki da takardar neman aiki. Wanda ya sayar wa kawu ita ya bar wasa guda a ciki. Wani ɗan mutum ne mai hular kwano da fitila a goshi, ya maƙale can ƙasan ramin haƙar ma'adinai, kai kuma aikinka ka fito da shi sama. Ya yi tsalle, ya hau tsani, ya kauce wa jemagu da duwatsun da ke gangarowa. Rai uku gare shi. Ba mu san sunan wasan ba, kawu ke buɗe mana shi, mu dai Ɗan Rami muke cewa.

Ni da abokina, ɗan gidan mahautan da ke bayan layinmu, kullum muna shagon. Idan kawu ya gama aiki sai ya ba mu 'yan mintoci kafin ya kashe janareta. Wasan ba ya ajiya. Da an kashe inji, gobe daga ƙasa za ka faro. Shi ya sa ba mu taɓa wuce hawa na huɗu ba.

Wata kaka aka tura ni Tsaskiya in taya kakana girbin gero. Ashe a cikin kwana ukun da na yi, akwai ranar da aka kawo wuta tun safe har magariba, abin da ba a saba gani ba. Kawu kuma zai tafi bikin suna a Wagini, ya buɗe wa abokina wasan, ya bar masa makulli. Ina dawowa ya tare ni a hanya, idonsa ja zur.

"Na kai ƙarshe," in ji shi.

"Ƙarshen mi?"

"Ɗan Rami! Hawa goma sha biyu ne. In ka hito, ga rana nan tana haskawa. Sai jakinshi ya zo, ya hau, su tahi gida."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Jaki a wasan Turawa? Da mota ya ce, ko jirgi, ko akwatin zinariya, da na yarda. Na ce da shi ya dai leƙa ta taga ya ga jakin masu itace. Amma gaskiyar magana, baƙin ciki ne ya cika ni. Kwamfutar kawuna ce, ina can ina shan ƙaiƙayin gero, wani ya riga ni. Kafin damina ta zagayo kwamfutar ta mutu, kawu ya sayar da ita ga masu jari-bola, hanyar tantance magana ta toshe.

Tsokanar ta girma tare da mu. Shi ya zama mai tsire, kuma duk Batsari an san hannunsa. Ni na zama malamin firamare, aiki ya kai ni Safana. Amma duk ranar da muka haɗu a majalisa, ya ce naman yau yanka ne na safe, ko ya ce ya ga jinjirin wata, sai wani ya ɗaga kai ya ce, "Da jaki ko ba jaki?" A kwashe da dariya. Shi ma yakan yi, sai dai tasa ba ta daɗewa. Ina lura da hakan, ban kuwa daina ba.

Bara na je bita Katsina, na biya wajen masu gyaran waya. Nan na ga wata 'yar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba, da fuska a sama da madannai a ƙasa. Mai gyaran ya ce a cikinta akwai manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin kwamfutoci, sai wasan da ya tsufa ya ɗauka yana gidansu, ya tashi ya kama aiki. Ya ce memorin cike yake da su, dubbai. Na saya. Da na koma gida na ce wa matata don yara ne. Ta dube ni, ta dubi na'urar, ta ce Allah ya sa yaran su samu gani.

Matsalar ita ce ban san sunan abin da nake nema ba. Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kullum bayan la'asar in shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, in buɗe, in duba, in rufe. Na ga tseren motoci masu kama da akwatin ashana. Na ga ƙwallon da 'yan wasanta ba su da wuya. Wani wasan jera tubali ya cinye mini kwana biyu cur, na manta ma da abin da ya kawo ni. Rabon da in ji daɗin yamma irin haka har na manta.

A mako na uku na danna wani, sai na ji ɗan kiɗan nan, tit-tit-tiririt. Na zabura na yi ihu. Matata ta fito da ludayi a hannu, ta ɗauka kunama ce. Ga shi nan, Ɗan Rami, kuma da kala! Ashe hularsa ja ce, jemagun shuɗi. Duk tsawon shekarun nan ina tuna shi da launin toka.

Da farko ya ƙi wasuwa, komai gudu yake kamar an kora shi. Na kira mai gyaran, ya ce kwamfutar kwaikwayon ta fi ta kawuna ƙarfi ne, ya nuna mini yadda zan rage mata sauri, da yadda zan ɗora tsalle a kan madannin da ya fi mini sauƙi. Sannan ya koya mini babban abin: ana iya daskarar da wasan a duk inda kake, in ka mutu ka dawo daidai wurin. Ban ji kunyar kowa ba, na yi ta amfani da shi. Na wuce hawa na huɗu ina murna kamar an ƙara mini girma a wajen aiki. Na biyar, na bakwai, na goma. Da na ga an rubuta goma sha biyu sai na tuna daidai haka abokina ya faɗa.

A saman tsani na ƙarshe akwai haske. Na ɗora Ɗan Rami a mataki na farko, sai na tsaya. In na hau ni kaɗai, duk abin da na gani, na zama kamar abokina ke nan: mai gani ba shaida. Na daskarar da wasan, na kashe. Saura kwana biyu kasuwar Batsari ta ci. Na ba matata na'urar ta kulle a akwatinta, na ce ko na roƙe ta kada ta ba ni. Na roƙe ta sau uku, ta hana.

Ranar kasuwa na hau babur da sassafe, don yanzu ba mai son yamma ta riske shi a hanya. Na tarar da abokina yana tsire nama, wuta ta fara kama tukuba. Tela da mai gyaran babura, 'yan majalisarmu, suna kan benci. Muka gaisa, ya iyali, ya hanya, ya mutanen Safana. Sai na ciro na'urar na kunna. Kiɗan na tashi, wuƙar hannunsa ta tsaya.

"Ina ka samo wannan?"

"Hawa na sha biyu ne," na ce. "Tsani ɗaya ya rage. Ban hau ba, kai na kawo mawa."

Tela ya tafa hannu ya ce yau ake yin ta. Na zaci abokina zai fizge na'urar. Sai ya ajiye wuƙa, ya ja ni bayan rumfa, ya rage murya.

"Malam, kar ka buɗe gaban mutane."

"Don mi?"

"Wallahi ni kaina ban sani ba yanzu. Kun daɗe kuna hwaɗi, har na koma tunanin ko barci ya ɗauke ni ranar, na yi mahwarki."

Maganar ta buge ni. Ni ina ganin wasa nake, ashe na kai mutum yana shakkar idonsa. Kunya ta rufe ni. Na ce to mu duba mu biyu a nan, in babu jaki in ce musu caji ya ƙare. Ya dubi na'urar da ke hannuna. Can ya girgiza kai.

"A'a. Gabansu na hwaɗe ta, gabansu za a gani."

Ya wanke hannu da sabulu har sau biyu, ya goge da ƙyalle mai tsabta, ya zauna tsakiyar benci. Manyan yatsunsa sun yi wa madannan yawa. Dutse ya buge shi, na maido da wasan. Jemage ya kayar da shi, na sake maidowa.

"Wannan ai sata ce," in ji shi. "Ni da rai uku na yi shi."

"Hau dai, Alhaji, wa'azi sai an jima."

A karo na huɗu ya kauce wa dutsen, ya kama tsani, ya yi ta hawa. Muka haɗa kawuna huɗu a kan fuskar da ba ta kai katin biki ba. Ɗan Rami ya fito. Ga sama shuɗiya, ga rana. Ya tsaya a bakin rami shi kaɗai. Ba abin da ya motsa. Tela ya yi gyaran murya. Ina jin numfashin abokina a kunnena, ina roƙon Allah a zuci, ni da na fi kowa musu.

Sai ga dogayen kunnuwa daga hagu. Ya shigo a hankali, da mangala a bayansa, ya tsaya gaban Ɗan Rami ya saki wani kuka irin na kwamfuta. Ɗan Rami ya yi tsalle ya hau, suka kama hanya.

Mai gyaran babura ya yi kabbara. Tela ya faɗi daga benci don dariya. Abokina ya miƙe tsaye da na'urar sama yana kiran duk wanda ya sani a layin, mai shayi, mai goro, har wani Bafulatani da ya zo sayen tsire bai san hawa ba bai san sauka ba. Kowa ya zo sai na maido da wasan, ya hau tsanin, jaki ya fito. Tsire ya ƙone a tukuba, ya ce a rabar. Rabon da in yi dariya irin ta ranar tun muna yara.

Da mutane suka ragu, na tsaya gaban 'yan majalisa na ce ni na faro wannan magana, kuma baƙin ciki ne ya sa ni, ba wani abu ba. Na ce ya yafe mini.

Bai ɗago ba. Ya sake hawa tsanin, ya jira, kunnuwan suka ɓullo. Ya kai babban yatsansa ya shafa gilashin a hankali.

"Na yahe maka," ya ce. "Ashe dai na gan shi."