Malam Shitu na Gonar Kifin Zurgu

Kafin kifi ya ci abincin safe a gonar Alhaji Tajuddeen da ke Zurgu, Malam Shitu ya riga ya zagaye kududdufai shida. Yana kankare gansakukar bakin siminti, yana duba wayar injin ruwa, yana zungurar ciyawa ko maciji ya kwana a ciki. Shekara goma sha takwas yana haka, sai a watan nan gwiwa ta ce masa ya isa.

Ma'aikata suna kiransa "Ina Takalminka", don ba ya amsa gaisuwa sai ya kalli ƙafarka. Shi ma a jikinsa ya koya. Ƙayar tarwaɗa ta taɓa sukarsa a tafin hannu, ya kumbura har ya yi sati biyu yana cin tuwo da hagu a gidan surukansa. Tun daga nan babu mai kama kifi ba safar hannu.

Mas'uda, mai bandar kifi a gonar, ita ta ba ni labarin ranar da Alhaji ya kawo baƙi daga Kibiya. Ya sha babbar riga da takalmi mai sheƙi, ya nufi kududdufi na uku.

"Alhaji, ban kankare nan ba tukuna," in ji Shitu.

"Malam Shitu, ni fa na gina wurin nan."

Bai rufe baki ba sai ga shi cikin ruwa, hula na yawo a sama. Ƙafarsa kuma ta janyo wayar injin, tana lilo dab da ruwan. Baƙi suka yi kansa, Shitu ya ce kada wanda ya matsa. Ya ruga ya kashe janareta, sannan ya miƙa wa Alhaji gora ya jawo shi.

Da Alhaji ya fito, wani abu na mutsu-mutsu a aljihun rigarsa. Zai kai hannu, Shitu ya riƙe shi.

"Ranka ya daɗe, tarwaɗa ce. Ga safa."

Mas'uda ta ce a gaban baƙi Alhaji ya tsaya, ruwa na zuba daga gemunsa, ya sa safar ya ciro kifin. Washegari ya aiko da takalman roba, har da nasa.

Malam Shitu, kai ne mai mitar da muka yi ta yi wa dariya a bayan ido. Mun gode, Allah ya ba gwiwarka lafiya. Masu gonakin kifi daga Rano har Kibiya, ku nemi irinsa, ku kuma jure faɗansa, don a zamaninsa duk wanda ya shigo aiki da safe, da ƙafarsa ya koma wurin iyalinsa.