Kilim ɗin Jirgina Ya Fi Nasa Girma

A lokacin ni mushen lekol ne, wato malamin makaranta, a Villeurbanne, mai tabarau da tarin littattafai, wanda ƴan garinmu ke nema idan takardar Faransanci ta gagare su. Ina da aboki tun daga Damagaram. Benci ɗaya muka zauna, kuma amsata yake leƙawa. Ya bar karatu ya shiga sarin kaya a Aubervilliers da ke gefen Paris, Allah ya buɗa masa, har ya sayi jirgin ruwa irin wanda ake zama ciki kamar gida. Ya gayyace mu ana tsananin zafi, ya danna maɓalli, sanyi ya sauko mana. Ya ce kilim ɗin jirgi, wato na'urar sanyaya ɗaki, daban yake da na gida: ruwan da jirgin ke kai yake zuƙa, da zafi ya ba ka sanyi, da ɗari ka juya shi ya ba ka ɗumi. Matata ta yi ta ma sha Allah. Ni ma na faɗa, amma tawa iyakarta leɓe.

Shekara ba ta zagayo ba na saki ɗakin hayarmu na unguwar La Guillotière, na sayi wani tsohon jirgi a kan kogin Saône. Na gaya wa matata iskar ruwa na ƙara lafiya, na kawo mata hujjoji daga littattafai. Ta ce ita dai ba ta taɓa jin ina son ruwa ba sai da muka dawo daga Paris. Tambaya ɗaya na yi wa mai sayar da na'urar kilim: wacce ta fi ta abokina ƙarfi? Na gwada ta a watan Agusta, baƙi suka nemi bargo, na ji kamar an ba ni digiri. Mu da muka tashi cikin rana, da sanyi muke auna kilim. Ban taɓa zama na gwada ɗuminsa ba.

Abokin nawa ya kira ya yi mini barka, yana tsokanata cewa Mushe ya zama sarkin ruwa. Sannan ya ce in ƙara murhun ɗumi mai aiki da gazuwal, wato man dizal, kamar yadda ya yi, domin idan ɗari ya kai maƙura ruwan kogi kan yi sanyin da na'urar ba ta samun abin zuƙa. Abin takaici, na fi shi sanin gaskiyar maganar. Zan iya zana masa dalilin a allo. Sai dai daga bakinsa ta fito. Na ce masa wannan matsalar ƙananan na'urori ce. Ya yi dariya ya ce to Allah ya ba da sa'a, amma shi dai bai ji kogi ya yi lekol ba.

Matata ta haihu a watan Janairu, ɗanmu na fari. Surukata ta zo daga gida don wankan jego, mace mai ganin ko ƙofa aka bari a buɗe an zalunci mai jego. A makon nan ɗari ya sauko. Na'urar ta yi gurnani, ta huro iska mai sanyi, ta tsaya. Na jona ɗan murhun lantarki tare da tukunyar ruwan wanka, wutar jirgin ta ɗauke. Tururin wankan ya kwanta a bangon ƙarfe yana ɗiga kan shimfiɗa. Matata ta roƙe ni in kira abokina, na ce gyara ne kaɗan. Jariri ya fara tari, ni kuwa ina durƙushe gaban na'ura da tocila ina kare mutuncina.

Matata ce ta kira matar abokina. Washegari suka iso a mota. Ya shigo, ya ga numfashinmu na fita kamar hayaƙi, ya karɓi yaron ya sa cikin rigar sanyinsa, muka nufi likita. Aka ce sanyi ya kama ƙirjinsa, amma an zo da wuri. Da aka sallame su, surukata ta ce jikanta ba zai sake kwana a firijina ba. Aka wuce da su Paris. A jirginsa aka yi suna, kuma a gaban liman surukata ta ce ai kowa ya san sunan da ya dace da yaron. Na dubi matata, na haƙura.

Na sa murhun gazuwal daga baya, irin nasa sak. Ba zan ce ƙyashin ya fita duka ba. Har yanzu idan ya aiko hoton jirginsa sai na ƙara girmansa ina neman tsatsa. Amma mai shirin zama a kan ruwa, ka gwada na'urarka da ɗari, ka tanadi wata hanyar ɗumi ta biyu. Idan kuma shawara ta zo daga wanda kake jin zafinsa, ka karɓe ta, ka ji zafin daga baya. Ni na ƙi karɓa, ga shi kullum safiya sunansa nake kira a gidana, a amsa mini da na'am Baba.