Baƙin Mama da Suka Tafi Ba Sallama

Shekarar da na haifi ɗana na fari, Mama ta zo mini zaman jego daga ƙauyenmu na kudancin Kaduna. Muna haya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani gida a unguwar Flatbush, can ƙasar waje, inda ba ka ganin komai ta taga sai takalman masu wucewa. Tun ranar da muka ɗauko ta a filin jirgin sama na JFK na ƙudurta a raina cewa ba za ta koma ba. Baba ya rasu, gwiwarta na ciwo, ni kuma ga jariri ga aikin kula da tsofaffi. Ta koma wa wa? Duk sanda na tayar da maganar sai ta ce, "To, mu ga abin da Allah zai yi." Ni kuwa na ɗauka ta yarda ke nan.

Mai gidan wata tsohuwa ce 'yar Jamaika, ta cika bayan gida da jajayen furanni. Mama ba ta jin Turanci, ita ba ta jin Hausa, amma sai su wuni tare suna nuna wa juna abubuwa da hannu. A can wata rana na ji Mama ta kwaɗa mini kira.

"Ke! Fito ki ga ƙwaro mai baki!"

Na fito a guje da kumfa a hannu. Ashe tsuntsu ne, bai wuce babban yatsa ba, kore shar, maƙogwaronsa ja wur. Ya tsaya cak a iska yana tsotsar fure, fikafikansa na ƙugi, sannan ya ja da baya ya ɓace.

"Yesu!" in ji Mama. "Tsuntsu da ribas kamar mota?"

Daga ranar shi da 'yan uwansa suka zama baƙinta. Ta watsa musu geron da ta kawo don kununa, ko kallo bai ishe su ba, tantabaru da kurege suka cinye tas. Ta ce ba ta taɓa ganin baƙi masu girman kai haka ba. Mai gidan ce ta nuna mata wata jar kwalba da aka rataye da ruwan sukari a ciki, Mama ta karɓe aikin cika ta.

Wajen ƙarshen watan Agusta tsuntsayen suka haukace da sha. Sai faɗa suke kan kwalbar, har ka ga sun yi ɓul-ɓul. Mama ta ce wannan kwaɗayi alama ce abincin ba ya riƙe su. Ta shiga ɗaki ta ɗauko zumar da ta taho da ita daga gida, ta dama musu. Wai ina aka taɓa ba baƙo ruwan sukari alhali akwai zuma a ɗaki? Da mai gidan ta gane, sai ta ɗora hannu a ka, ta zubar, ta wanke kwalbar da ruwan zafi. Ni na yi tafinta: zuma na lalacewa a rana, tana sa musu ciwon harshe, tana iya kashe su.

A kwanakin nan ne kuma muka riƙa samun saɓani kan goyo. Daga safe har yamma yaron yana bayanta, da shi take girki, da shi take addu'a.

"Mama, ki sauke shi mana, bayanki zai ƙage. Gudu zai yi?"

"Bar ni," take cewa.

Mai jan maƙogwaron ne ya fara ɓacewa. Sauran suka riƙa raguwa, har wata rana a Satumba kwalbar ta wuni a cike. Na dawo daga aiki da la'asar na tarar da Mama a duƙe, da yaro a baya, tana tona ƙarƙashin furanni da sanda. Ko abincin rana ba ta taɓa ba.

"Gawarsu nake nema," ta ce. "Na kashe baƙin mutane da hannuna."

Hankalina ya tashi, na je na buga wa mai gidan ƙofa. Matar nan ta yi dariya har da riƙe ƙugu, sai da ta ga hawaye a idon Mama ta nutsu. Ta ce ba wanda ya mutu. Tafiya suka yi, haka suke yi duk kaka, zuwa Meziko da ƙasashen da ke gaba da ita. Wasu ma teku suke ƙetarewa ba hutawa.

Sai da na sa ta maimaita, don na zaci kunnena ne. Teku? Wannan ɗan abin da za ka rufe a tafin hannu? Ni da na taɓa shiga jirgin ƙasa zan je Harlem na tsinci kaina a ƙarshen Bronx ina kuka! Mai gidan ta ce ai ba a garke suke tafiya ba, kowa shi kaɗai. Iyayen su riga, 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe bana su bi daga baya, ba mai nuna musu hanya. Shan da suka yi ta yi kuwa, kitse suke tarawa na tafiya. Na fassara wa Mama.

Mama ta jima tana kallon kwalbar. "Ashe guzuri suke yi," ta ce. Ta gyara ɗaurin zaninta. "To, ke ma ki nema mini jirgi kafin sanyi ya sauko."

Kamar an watsa mini ruwan ƙanƙara. "Wane jirgi? Mama, jirgin ina? Ba mun gama wannan maganar ba?"

"Ke kika gama. Accata ta nuna a gona, ciyawa ta rufe kabarin babanki, 'yan zumuntar mata na ta tambayata. Jego na zo, jego ya ƙare."

Na yi faɗa, na yi kuka, na ce ta ji tausayin jaririn nan ko da ba ta ji nawa ba. Ta bar ni na gaji don kaina.

"'Yar nan, kina tsammani don me na ƙi sauke shi? Ni ma nawa guzurin nake yi. Su sun tafi ba sallama, ni ga shi ina yi miki."

Na zauna a kan matakala ina kallon ƙafafun ɗana suna lilo a kwankwasonta.

A watan Oktoba ta tafi. A JFK ta kwance zanin goyon ta miƙa mini tare da yaron.

Da Mayu ya zagayo, ina shanya a bayan gida na ji ƙugin nan a gefen kunnena. Mai jan maƙogwaro ne. Nan take na kira Mama a waya, na ce baƙinta sun dawo.

"Sannunsu da hanya," ta ce. "Sukari za ki ba su, ban da zuma. Yaron fa, wa ke goya shi?"

Na ce yana bayana, cikin zaninta, yana barci.